Ilimin Sadarwa Yana Nan Kyauta, Saura Mabuɗin Harshe

Idan ka ɗaga waya ka kira gida, muryarka ba ta tafiya yadda ta fito daga bakinka. A tsarin tarhon da aka daɗe ana amfani da shi, na'ura kan ɗebi samfurin muryar sau 8,000 a kowace daƙiƙa, ta mayar da shi lambobi, ta tura, a can kuma a harhaɗa su su koma murya. Me ya sa 8,000? Saboda sautin da wannan tsari ke ɗauka bai wuce kaɗawa 3,400 a daƙiƙa ba, ƙa'ida kuwa ta ce sai an ɗebi fiye da ninki biyu kafin murya ta dawo daidai.

Wannan ƙa'ida tana da labari. Wani injiniyan Rasha, Vladimir Kotelnikov, ya bayyana ta tun 1933, amma da Rashanci. Masanan Yamma ba su san da aikinsa ba, sai da Claude Shannon na Amurka ya wallafa ta da Ingilishi a 1949 sannan ta game duniya. Ilimin yana nan a rubuce, harshe ne ya kulle shi.

Yau kuɗi ya rage zama shinge ga mai neman wannan fanni. Jami'ar MIT ta Amurka ta sanar a 2001 cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta. Indiya ta biyo baya a 2003 da shirin NPTEL, inda malaman manyan cibiyoyin fasaharta ke karantarwa ta bidiyo. Waɗannan da Ingilishi suke, ɗalibin Zariya ko Kumasi zai shiga kai tsaye.

Na Jamus kuwa daban ne. A Jami'ar Fasaha ta Munik, malamai biyu, Günter Söder da Klaus Eichin, sun soma gina wani kundin karatu mai suna LNTwww a 2001. Littattafai 9 ne, tun daga yadda ake siffanta sigina, zuwa lissafin bayanai, gyaran kuskuren saƙo, har sadarwar wayar hannu. Kowane babi na da atisaye da amsoshinsa, don ɗalibi ya gwada kansa ba sai malami na kusa ba. Sai dai shekara da shekaru da Jamusanci kaɗai yake, har sai da aka fassara shi zuwa Ingilishi.

Kada a ɗauka fassarar irin wannan aiki wasa ce. Kalmar da Jamusawa ke kiran fannin da ita, in aka bi ta baƙi da baƙi, za ta iya fitowa da ma'anar fasahar labarai, mai karatu ya zaci aikin jarida ake nufi. Bajamushe kan sa waƙafi ya rubuta 3,5 inda Ingilishi ke sa ɗigo, 3.5, kuma kuskure ɗaya a nan ya isa ya rusa lissafi. Ga kuma zane-zane da rubutu a jikinsu, waɗanda sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar fassara za ta rage hanya, amma dole wanda ya san fannin ya zauna ya tace.

To, ɗalibi, rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Zaɓi littafi ɗaya daga LNTwww, fara da na sigina, ka tanadi takarda da biro, kada ka leƙa amsa sai ka yi gumi a kan tambayar. Malamanmu kuma, tunda Jamusawa sun karantar da wannan ilimi da harshensu kafin su fassara wa duniya, ku ma ku soma bayyana wa yaranmu shi da Hausa, ko da babi ɗaya ne.