Rabi'u Ali Pele: Ɗan wasan tsakiyar da ya yi suna bai bar gida ba

Ka tambayi duk yaron da ke taka leda a filin makaranta a Bebeji ko Kiru inda yake son ya buga ƙwallo idan ya girma, zai ce maka Real Madrid ko Barcelona ko Arsenal. Haka abin yake a Tudun Wada da Doguwa, inda gidajen kallo ke cika maƙil duk Asabar da Lahadi. Samun babban buri ba laifi ba ne. Sai dai a nan jiharmu akwai ɗan wasan da ya ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, ya sa rigar Super Eagles, ya ci wa ƙasa ƙwallaye a gasar Afirka, kuma duk a rigar Kano Pillars duniya ta san shi. Sunansa Rabi'u Ali, amma magoya baya sun fi kiran sa Pele.

An haifi Rabi'u Ali a Kano a shekarar 1980, shekara 10 kafin a kafa ƙungiyar Kano Pillars a 1990. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, mai riga lamba 10, kuma ya daɗe yana riƙe da kyaftin ɗin Sai Masu Gida. Laƙabin Pele kuwa aro ne daga shahararren ɗan wasan Brazil da ya ci kofin duniya sau uku, kuma masu kallo ba sa ba kowa irin wannan suna haka kawai.

Mene ne aikin ɗan tsakiya?

A wasan unguwa kowa so yake ya zama ɗan gaba, domin mai cin ƙwallo ake ɗagawa sama. Amma duk kocin da ya san aikinsa zai gaya maka cewa a tsakiyar fili ake cin wasa, a nan kuma ake faɗuwa. Ɗan tsakiya ne ke karɓo ƙwallo daga 'yan baya ya kai wa 'yan gaba, idan kuma ta kuɓuce shi ne na farko da zai koma ya ƙwato ta. A manyan gasanni yakan yi gudun kilomita 10 ko fiye a wasa ɗaya.

'Yan tsakiya iri uku ne. Mai lamba 6 yana tsaye a gaban 'yan baya yana tare hari. Mai lamba 8 yana kai da komo tsakanin raga da raga. Mai lamba 10 kuma shi ne mai raba ƙwallo kusa da ragar abokan hamayya, shi ke hango ƙofar da sauran ba su gani ba. Wannan na ukun shi ne gurbin Rabi'u Ali. An san shi da iya bugun tazara da fenareti, da natsuwa idan ƙwallo ta zo ƙafarsa. Idan ka samu damar kallon ƙwararren lamba 10, ka bar bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci, ka kalli wuyansa. Za ka ga yana waige-waige tun kafin a ba shi, don ya san inda kowa yake tsaye. Kafin ƙwallon ta iso ya riga ya yanke shawarar inda zai tura ta. Ɗan wasan da gudu ne kaɗai jarinsa yakan ƙare da zarar ƙafa ta fara nauyi. Mai wasa da kai yana iya daɗewa, shi ya sa Rabi'u ya ci gaba da cin ƙwallaye a gasar Firimiya bayan ya haura shekara 40, har adadin da ya ci wa Pillars ya wuce 100.

Shekarun cin kofi

Kano Pillars ta fara lashe gasar Firimiyar Najeriya a 2008. Daga baya ta ɗauke ta sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma Rabi'u Ali na cikin ginshiƙan ƙungiyar a waɗannan shekaru. A lokacin, baƙon da ya shigo filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yakan gode wa Allah idan ya fita da canjaras.

Wannan ƙwazo ne ya sa marigayi Stephen Keshi, kocin Super Eagles, ya tafi da shi gasar CHAN a Afirka ta Kudu a Janairun 2014. CHAN gasa ce ta ƙasashen Afirka wadda 'yan wasan da ke bugawa a gida ne kaɗai ke shiga. Najeriya ta fara da rashin nasara a hannun Mali da ci 2-1. A wasa na biyu ta doke Mozambik 4-2, Rabi'u ya ci biyu. Wasan da ba a mantawa da shi kuwa shi ne na daf da na kusa da na ƙarshe, da Maroko. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura wa Najeriya ƙwallo uku babu ko ɗaya. Da aka dawo sai 'yan wasanmu suka farke duka ukun, Rabi'u ya ci ta biyu, sannan aka ci ta huɗu a ƙarin lokaci, wasa ya tashi 4-3. Ghana ta fitar da Najeriya a bugun fenareti, amma ta doke Zimbabwe 1-0 ta dawo gida da tagulla. A lokacin Rabi'u yana da shekara 33, shekarun da 'yan wasa da yawa ke shirin rataye takalmi.

Bayan shekara huɗu ya sake zuwa CHAN ta 2018 a Maroko, ƙarƙashin koci Salisu Yusuf. A wannan karon Najeriya ta kai wasan ƙarshe, amma masu masaukin baƙi suka lallasa ta 4-0 a Casablanca.

Ranakun baƙin ciki

Zama a gida ba hutu ba ne. 'Yan wasan gasar Najeriya suna shafe awanni masu yawa a mota daga wannan jiha zuwa waccan, kuma ƙorafin jinkirin albashi tsohon labari ne a ƙungiyoyi da dama. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni.

A cikin fili ma an sha ɗaci. A Oktoban 2018, a wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, Rabi'u ne ya fara zura wa Enugu Rangers ƙwallo, Pillars ta kai 3-0. A mintuna 15 na ƙarshe Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Abin da Najeriya ta yi wa Maroko shi aka yi wa Masu Gida. Shekara ta zagayo, a Yulin 2019 Pillars ta koma wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, ta ɗauki kofin karo na farko a tarihinta.

Akwai kuma tabon da bai kamata a ɓoye ba. A Yunin 2019, bayan wasa da Rangers a filin Agege da ke Legas, Rabi'u ya tunkari alƙalin wasa cikin fushi, magoya baya suka kutsa cikin fili. Hukumar gudanar da gasar ta dakatar da shi wasa 12, ta kuma ci tarar ƙungiyar. Ɗan wasan da aka sani da natsuwa ya ja wa kansa wannan hukunci cikin 'yan mintuna. Duk mai riƙe da kyaftin a ajinsu ko makarantarsu ya riƙe wannan: idan kyaftin ya fusata, na bayansa sukan yi abin da ya fi nasa muni.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 2022, lokacin da Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji. A irin wannan hali manyan 'yan wasa kan tattara kayansu su nemi wata ƙungiya. Rabi'u ya zauna, ya buga ƙaramar gasar yana da shekara 42, kuma a 2023 Pillars ta dawo Firimiya.

Waɗanda suka fita, ta ina suka bi?

Kano ta fitar da 'yan tsakiya da suka buga a Turai. Sani Kaita ya taka leda a Holan da Rasha, ya ci azurfa a gasar Olamfik ta 2008. Rabi'u Ibrahim na cikin 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ci wa Najeriya kofin duniya a Koriya ta Kudu a 2007, daga nan ya wuce Sporting ta Portugal. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, daga Pillars aka kira shi CHAN ta 2014, bayan gasar ya samu ƙungiya a Kuwait. Ahmed Musa, duk da ɗan gaba ne, sai da ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya a rigar Pillars kafin wata ƙungiyar Holan ta saye shi a 2010, kuma ya dawo Pillars a 2021 da 2024.

Ka lura da abin da ya haɗa su. Kowannensu a gida ya fara nuna kansa, a ƙungiya sananniya ko a tawagar ƙasa, kafin na waje su neme shi.

Wannan ya shafe ku kai tsaye, ƙannena. Akwai masu yawo suna kiran kansu wakilan 'yan wasa, su ce wa yaro ya kawo kuɗin biza da na jirgi za a kai shi gwaji Turai. A yankinmu irin wannan kuɗi ba ya fitowa sai an sayar da buhunan shinkafa ko masara, wani lokaci har da gona ko shanun huɗa. Ku sani dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka koma can don wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan aji biyar ƙungiyar Turai in an biya shi, a gaya wa iyaye da malamin wasanni kafin a ba shi ko sisi. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke kashe masa kuɗi.

Hanyar da ta fi tabbas tana nan kusa: gasar azuzuwa, ƙungiyar makaranta, ƙungiyar unguwa, gasannin ƙaramar hukuma da na jiha, har wani koci ya gan ka. Ana yin wannan duka ba tare da an bar aji ba. Rabi'u Ali ya kai shekara 40 yana wasa, amma irinsa 'yan kaɗan ne. Targaɗe ɗaya a gwiwa na iya tsayar da ɗan wasa yana da shekara 22, kuma a ranar takardar WAEC ko NECO ce za ta yi masa rana.

In kai ɗan tsakiya ne a ƙungiyar makarantarku, ga aikin wannan mako: a kowane atisaye ka waiga hagu da dama kafin ƙwallo ta iso ka, ka koyi bugawa da ƙafar da ba ka saba da ita ba, kuma idan alƙali ya busa abin da bai yi maka daɗi ba, ka juya ka koma gurbinka.