Suna Rubuta Littafi a Waya, a Aji Kuma Sai Haddar Jigo

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, ya ce daga yanzu Turanci ne kaɗai harshen koyarwa. Hujjarsa ita ce yankunan da suka rungumi harshen gida su suka fi kwasar kashinsu a hannu a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Lissafin bai ma hau ba. A 2022 aka kafa tsarin, yaran da suka zauna WAEC a 2025 kuwa sun bar firamare tun 2019. An dai sami mai laifi mai arha. Abin da ke kayar da ɗalibin Gwarzo da Kabo, daga Getso da Kutama har zuwa Garo, shi ne ba a koya masa rubutu da kowane harshe, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar a darasin adabin Hausa, inda ba wanda zai ce harshe ne ya yi masa shamaki.

Buɗe littafin rubutun ɗalibar babbar sakandare ka gani. A saman shafi sunan littafi da na marubuci. Sai jigo: faɗakarwa. Zubi da tsari: marubucin ya kasa littafinsa babi-babi. Salo: mai armashi. Taurari: manya da ƙanana, an jera sunayensu. Abin da malam ya rubuta a allo ke nan, shi ma daga wata takardar da ya gada tun yana kwalejin ilimi. Sauya sunan littafin da wani, amsar ba za ta canza ba. Ɗalibai sun gane haka sarai, shi ya sa tambayar da aka fi ji a aji ita ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" A ganinsu nazari wani jerin kalmomi ne da ake haddacewa daren jarrabawa, a juye, a manta. Da yawa suna cin darasin ba tare da sun karanta littafin daga bango zuwa bango ba.

Wannan ɗalibar kuma, da daddare, ta ari wayar yayarta tana bin wani labari a WhatsApp ko Wattpad wanda ya haura kashi 60. Saurari yadda take musu da ƙawayenta washegari. Za ta ce marubuciyar ta yi gaggawar kashe kishiyar don ta rasa yadda za ta yi da ita. Za ta ce ba a yin irin wannan magana a gaban suruka, ko a birni. Za ta ce an ja labarin ne kawai don a ci gaba da karɓar kuɗin masu karatu. Wannan shi ne nazari, tsagwaronsa: ta duba dalilin tauraro, ta auna harshe da muhalli, ta kama inda zaren labari ya saki. Amma in ka ce mata abin da ake nema a aji ke nan, ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya, domin ba a taɓa ba ta maki a kansa ba.

Laifin ba na ma'aunan nazarin ba ne. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun shimfiɗa hanyoyin feɗe waƙa don mai nazari ya san inda zai sa wuƙa. Da aikin nasu ya gangaro ta kwalejojin ilimi zuwa sakandare, sai aka riƙe kanun aka zubar da aikin. Ana koya wa yaro cewa akwai kamantawa da siffantawa da mutuntarwa, ba a taɓa ce masa ya ƙirƙiro tasa guda ɗaya a kan kasuwar garinsu ba. Wanda bai taɓa ƙoƙarin buɗe labari ya kasa ba, ina zai ga gwanintar Abubakar Imam a buɗe Ruwan Bagaja? Insha'i, wanda shi ne ƙofar komai, ya koma wasiƙar neman aiki da "ranar da ba zan manta ba", malam ya ja jan biro ya sa 6 bisa 10, ba a ce a sake rubutawa ba. Daga nan ɗalibi ya yanke hukuncin da ya fi kowane illa: rubutu baiwa ce, ko kana da ita ko ba ka da ita, nazari kuma sana'ar malamai ce.

Abin haushi, garin Gwarzo ne ya kamata ya fi kowa sanin cewa ba haka ba ne. Cikin littattafai 5 da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, akwai Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, a sahu ɗaya da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi. Waɗancan marubuta ba su taɓa rubuta ƙagaggen labari ba kafin nan. Abin da suka samu shi ne edita mai karantawa ya mayar da gyara. Imam kansa a Zariya ya zauna tare da East kafin Magana Jari Ce ta zama abin da muka sani. Yau ɗalibi zai gama sakandare a Gwarzo bai riƙe Idon Matambayi a hannunsa ba.

Akwai masu cewa waya ce ta lalata yara, labaran cikinta kuma cike suke da batsa da tarbiyyar banza. Wasu labaran haka suke, ba musu. Akwai kuma masu cewa malamin da ke fama da aji maƙil da yara, ga albashin da ba ya kai wa tsakiyar wata, ba zai iya gyara insha'in kowa sau biyu ba. Wannan ya fi nauyi, kuma dokar ta-ɓaci da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ayyana a kan ilimi a 2024 amincewa ce da shi. Sai dai kukan tarbiyya tsoho ne. An yi wa su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino shi a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa aikinsu adabin kasuwar Kano, har aka kai ga ƙona littattafai a 2007 a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Karatun bai tsaya ba, ya dai koma ƙarƙashin filo, daga baya ya koma waya. Kuma cunkoson aji bai hana malami karanta shafi guda na ɗalibi ɗaya a gaban kowa a tattauna shi ba.

Sakamakon yana bayyana a ɓangarori biyu. Marubutan waya suna da dubban masu karatu amma ba su da mai gyara: ba a raba kalmomi daidai, haruffa masu ƙugiya sun ɓace, labari ya yi ta jan ƙafa har marubuciya ta manta sunan da ta ba wata tauraruwa a kashi na 3. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna akwai gwanaye cikin matan nan, amma gajeren labari mai ƙa'idar kalmomi yana buƙatar horon yanka da ragewa, wanda makaranta ba ta bayarwa. A ɗaya ɓangaren, wanda ya bi titin Gwarzo ya shiga sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ko ya tafi kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso don karatun Hausa, yakan isa da haddar nan tasa. Idan lokacin kundin kammala karatu ya zo, sai ya ɗauko na wani da aka yi a kan jigon faɗakarwa, ya cire sunan mawaƙi ya sa wani. Cikin waɗannan ne hukumar ilimi za ta ɗebi malaman Hausa ta tura Kabo da Gwarzo.