Ɗigo da Kibiya: Sauya Tsarin Awo a Zanen Kwamfuta

Tun daga shekarar 1637, lokacin da Bafaranshen nan René Descartes ya nuna yadda za a bayyana siffofi da lambobi, masana lissafi kan faɗi inda abu yake ta hanyar auna nisansa daga wani mafari da aka amince da shi. A kan wannan harsashi ne aka gina manhajojin zanen gine-gine da injuna, irin su AutoCAD wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982. To, amma zane guda yakan ƙunshi tsarin awo fiye da ɗaya. Akwai babban tsari wanda ba ya motsi, akwai kuma ƙarami wanda mai zane kan kafa wa kansa, a ce a jikin rufin da ya karkata, domin aiki ya yi sauƙi. Nauyin da ke kan mai rubuta manhaja shi ne mai da lambobi daga wannan tsari zuwa wancan ba tare da ma'anarsu ta ɓaci ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bambancin ɗigo da kibiya, domin kowannensu lambobi uku ne a ido. Ɗigo wuri ne. Kibiya kuwa ba ta da mazauni, fuskar da ta dosa da tsawonta kawai take faɗa.

Alal misali, a ce mafarin ƙaramin tsari yana kan 10 da 5 a cikin babban, an kuma juya shi digiri 90 zuwa hagu. A bar batun tsayi don a sauƙaƙa. Ɗigon da ke kan 2 da 3, idan aka juya shi, zai koma -3 da 2, sa'an nan a gusar da shi ya sauka kan 7 da 7. Ita kibiya mai lambobin nan, juyawa kaɗai ta shafe ta, wato a -3 da 2 za ta tsaya. Wanda ya gusar da ita ya karkatar da ita ke nan, ya kuma sauya tsawonta. Haka nan wanda ya fara gusar da ɗigon kafin juyawa, a -8 da 12 zai tsinci kansa.

Dabarar da ta fi tsafta ita ce a ƙara lamba ta huɗu, 1 ga ɗigo, 0 ga kibiya, a ninka da jadawali mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu. Sifirin nan shi ke kashe gusarwa da kansa. A harshen AutoLISP kuwa, umarnin trans na da gurbi na ƙarshe inda ake shaida masa cewa kibiya aka ba shi.

Da sauran wani tarko. AutoCAD na ajiye cibiyar da'ira ne a tsarin da'irar na kanta, wanda ake fitarwa daga kibiyar da ta tsaya cak a kan fuskarta. Idan kibiyar ƙasa ta kalla, dama da hagu sukan musanya. Manhajar da ta karanta fayil ɗin DXF ba ta kula da wannan ba, sai injin yankan ƙarfe ya huda rami a ɗaya gefen, kamar an duba zanen a madubi.