Rera Karatu Daban, Iya Karatu Daban

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, magana ɗaya nake ji a bakin iyaye har ta ishe ni: "Ai yarona ya iya, kullum yana karatu da ƙarfi." Da an ce za a gwada yaran CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, ɗaya bayan ɗaya, sai raɗe-raɗi ya tashi, wai dabara ce ta korar 'ya'yan talakawa daga lakwal.

Ba a korar kowa da wannan gwaji, ba a kuma maimaita aji saboda shi. Irin gwajin da ya fi yaɗuwa ana kiransa EGRA, cibiyar RTI ta Amurka ce ta tsara shi a 2006. Ana ba yaro takarda mai haruffa 100, a ƙirga nawa ya faɗa daidai cikin minti ɗaya. Sai kalmomi, sai ɗan gajeren labari da tambayoyi. Cikin kusan minti 15 an gama.

Wannan "ya iya" ita ce ke cutar da mu. Na taɓa zama a bayan wani aji, mushe na nuna allo da sanda, yara na amsawa baki ɗaya har kwanon rufi na amo. Da aka tashi sai na kira wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya, na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe. Ta dubi yatsana, ta dubi ƙasa, sai ta koma farkon layi ta rero shi duka. Haddace shi ta yi da kunne, kamar waƙar gaɗa. Shi ya sa masu gwajin ke saka kalmomin da babu su a kowane harshe, irin su "nifo", don ba a haddace abin da ba a taɓa ji ba. Wanda ya san sautin haruffa zai haɗa su, wanda bai sani ba zai tsaya cak.

Irin wannan yarinya, in ba a gano ta a CP ba, haka za ta lallaɓa har CM2, ajin ƙarshe na firamare. Binciken PASEC na 2014 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 a ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba. Yunwa da cunkoso da azuzuwan zana da koyarwa da Faransancin da yaro bai ji a gida duk suna da hannu.

To, Baba, Inna, ba sai kun jira baƙi da takardu ba. Bayan magariba a ɗauko littafin yaro, a rufe hoton da tafin hannu, a nuna kalma daga tsakiya ko daga ƙarshe. In ba ku yi boko ba, yayansa na kwaleji ya yi. A zana harafi a ƙasa da tsinke, a tambaye shi sautinsa. In ya kasa, don Allah a ajiye bulala, a daina ce masa daƙiƙi. Wani yaron kunnensa ke ruwa, wani kuma allon ne ba ya gani daga baya, a roƙi mushe ya dawo da shi gaba.

Kwamitin makaranta na COGES, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafa wa a nan jihar Tawa a 2004, naku ne. A taro na gaba ku tambayi darakta: a cikin yaran CP, nawa ne ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, kuma wa zai zauna da su da yamma?