Tabon da Gashin Sankara ke Bari a Ƙwaƙwalwar Yaro

Malami ya goge allo, 'yan aji sun rufe littattafansu, amma yaro ɗaya bai kai rabin kwafar darasin ba. Ya fahimci abin da aka koyar, saurin ne ya gagara. Shekaru biyar da suka wuce an yi masa gashi a kai domin maganin sankara, kuma ya warke.

Gashin nan, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, haske ne mai ƙarfi da ake harbawa don kashe ƙwayoyin cutar daji. A shekarun 1960, Dokta Donald Pinkel na asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka ya haɗa shi da magunguna wajen yaƙar sankarar jini, domin cutar kan ɓuya a ƙwaƙwalwa inda magani ba ya isa sosai. Yaran da a da ake fid da rai da su suka fara rayuwa.

Sai da suka girma aka ga abin da ya biyo baya. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da wani farin kitse da ke lulluɓe su, kamar robar da ke rufe wayar lantarki, kuma a jikin yaro bai gama ginuwa ba. Idan haske ya taɓa shi, saƙo yakan yi nawa. Daga nan ake samun mantuwa, rashin natsuwa da wahalar lissafi. Idan kuma hasken ya shafi wurin da ke fitar da sinadarin girma, yaro kan tsumbure. Wasu sukan samu ƙari a fatar ƙwaƙwalwa ko shanyewar ɓarin jiki bayan shekaru ashirin ko fiye. Ƙananan yara sun fi jigata, shi ya sa likitoci ke kauce wa gasa kan ɗan ƙasa da shekara uku.

An ci gaba ƙwarai. A 2009 binciken St. Jude ya nuna ana iya warkar da sankarar jini ba tare da gashin riga-kafi a kai ba. Ga wasu nau'o'in ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa, gashin har yau shi ke ceton rai, don haka kada tsoro ya sa a guje shi.

Iyaye su adana takardun jinyar, su riƙa kai yaro a duba tsayinsa, jinsa da karatunsa ko da ya zama saurayi. Malamai kuma su ƙara masa lokaci, su daina kiransa daƙiƙi. Yaron da ya sha wannan gwagwarmaya ya cancanci a yi haƙuri da shi.