Salansar Babban Babur: Amon da Ake Nema da Abin da ke Biye da Shi

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani irin babur da aka ƙera domin mutumin da ke son abu biyu a lokaci guda, watau gudu irin na baburan tsere, da kuma daɗin zama irin na matafiyi mai dogon zango. Yana da garkuwar iska a gaba, da babban tanki, da wurin rataya akwatunan kaya a gefe biyu, har mutum ya iya tasowa daga Landan ya sauka a kudancin Faransa bayansa bai ƙage ba. Honda VFR800 wanda ya fito a 1998, da Yamaha FJR1300 na 2001, da Triumph Sprint ST, da Kawasaki Ninja 1000SX, da BMW R1250RS, duk 'yan gida ɗaya ne. Da yawa daga cikin masu irin waɗannan babura, in sun yi 'yan makonni suna hawa, sai a ji suna kuka iri ɗaya, wai ga inji mai ƙarfin doki ɗari da wani abu, amma muryarsa kamar ta keken ɗinki. Daga nan sai hankalinsu ya koma kan salansa.

Shirun nan ba gazawar maƙera ba ce, doka ce ta kawo shi. Tun daga baburan 1986 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade wa babur na bisa titi ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba in yana wucewa. Tarayyar Turai kuwa ta tsananta dokokinta na hayaƙi da na ƙara a 2016, ta sake matsa na hayaƙi a 2020. Saboda haka kamfanoni suka riƙa ɗaura wa baburansu manyan salansoshi masu nauyi, waɗanda aikinsu shi ne su shaƙe muryar inji. Wannan ne ya ƙara buɗe kasuwa ga wasu kamfanoni masu sana'ar ƙera salansar canji, irin su Yoshimura na Japan, wanda Hideo Yoshimura ya kafa a 1954, da Termignoni da Arrow na Italiya, da Remus na Ostiriya, da Akrapovič na Sulobeniya.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne, kaurin murya daban, ƙarfin ƙara daban. Tambari ko an buga shi a hankali amonsa mai kauri ne, kuge kuwa ko an ƙwala shi da ƙarfi siririyar murya gare shi. Mutane da yawa sukan fita neman amon tambari su komo gida da kuge, gama a cikin shago duk abin da ya fi na dā ƙara sai ya yi wa kunne daɗi na ɗan lokaci.

Asalin muryar babur a cikin inji take, salansa tacewa kawai take yi. A injin da ke aiki da bugu huɗu, kowace silinda tana tashin wuta sau ɗaya ne a cikin juyi biyu na inji. To, in inji yana juyi 4,000 a minti ɗaya, wanda kusan nan ne yawancin waɗannan babura suke zama a kan babbar hanya, kowace silinda za ta yi bugu 2,000 a minti. Mai silinda huɗu ke nan yana fitar da bugu kamar 133 a kowane sakan, mai uku 100, mai biyu kuwa kamar 67. Iyakar ƙarancin bugun, iyakar kaurin amon. Shi ya sa BMW mai silinda biyu yake da gurnani tun daga masana'anta, alhali Kawasaki ko FJR1300 masu silinda huɗu a jere sun fi kusa da shewa in an murɗa musu mai. Akwai kuma batun tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Silinda huɗun VFR800 an dasa su ne biyu-biyu kamar harafin V, kuma ba sa tashi da tazara daidai wa daida, shi ya sa muryarsa take da wata gargada wadda masu shi suke mutuwar so. Babu salansar da za ta mai da mai huɗu a jere ya yi muryar mai biyu, kome tsadarta. Wanda ya san wannan tun da fari ya tsira da kuɗinsa.

(Masu babura ba su ɗauki zancen murya da wasa ba. A 1994 kamfanin Harley-Davidson ya nemi a yi masa rajistar amon injinsa a Amurka a matsayin tambarin ciniki, abokan gasarsa suka tashi haiƙan suna jayayya, sai a shekarar 2000 ya janye.)

Salansa iri biyu ce ta wajen ƙirar cikinta. Ta masana'anta galibi an rarraba cikinta ɗaki-ɗaki da bangon ƙarfe, hayaƙi yana shiga nan yana fita can, raƙuman sauti suna karo da juna suna kashe juna. Wannan ƙira ta ƙware wajen danne amo mai kauri, wanda shi ne ya fi wuyar dannewa. Ta canji kuwa mafi yawanci bututu ne miƙaƙƙe mai ƙananan huji birjik, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, sa'an nan aka sa shi cikin gwangwani. Audugar tana shanye siririyar ƙara, amma mai kaurin tana wucewa kusan salin-alin. Sirrin ke nan, ba wani tsafi ba.

Daga nan mai karatu zai iya gane wa kansa abin da zai duba. Gwangwani mai faɗi, mai tsawo, mai auduga da yawa, shi ke ba da amo mai cika da taushi. Gajeren gwangwanin nan ɗan tsugul da ake kwaikwayo daga filin tsere yana da kyan gani, amma ba shi da wurin da zai tare ƙarar sama, sai ya yi ta kwartsa kunne kamar ana yage ƙyalle. Faɗin bututun ciki ma yana da nasa tasiri, domin mai faɗi ya fi kauri kuma ya fi ƙara. Yawancin salansoshin da doka ta yarda da su suna zuwa da wani ɗan toshi a baki wanda ke rage ƙara, kuma ba kasafai cire shi yake ƙara kaurin da ake nema ba. Ƙarar ce kawai take hauhawa. Audugar kuma ba ta dawwama. Zafi yana cinye ta a hankali, har wata rana mai babur ya ji muryar ta koma ta fanko. A lokacin sai a kwance a sake cusa sabuwa, kuma ya kyautu mutum ya tambaya kafin ya saya ko salansar tana kwantuwa.

Ta wajen ƙarfe ba a bukatar dogon bayani. Baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi araha. Titaniyam nauyinsa bai fi rabin na wancan da kaɗan ba, amma da tsada. Gwangwanin zaren kabon ba ya ɗaukar zafi a jiki sosai, kuma masu hawa sukan ce shi ya fi taushin murya, sai dai zafin doguwar tafiya yana tsufar da shi. Girman gwangwani ya fi irin ƙarfensa tasiri a kan amo.

Babbar shawarar ita ce, ko a canja gwangwanin ƙarshe kaɗai, ko a kwance bututun hayaƙi gaba ɗaya tun daga bakin inji. Na farko aikin sa'a guda ne da sifana. Yana rage nauyi, yana gyara murya, amma ƙarfin da yake ƙara wa inji ɗan kaɗan ne, duk abin da mai talla zai faɗa. A baburan zamani da yawa ma, akwai wani akwati a ƙarƙashin inji wanda shi ke yin rabin aikin danne ƙara, don haka mutum yana iya biyan kuɗi mai yawa ya ji canjin bai taka kara ya karya ba. Na biyun kuwa ya taɓa lafiyar inji. A cikin wannan bututu ne matatar hayaƙi take, watau wani abu mai kama da saƙar zuma da aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wanda ke ƙone gubar hayaƙi kafin ta fita. In an cire ta, iska za ta riƙa ratsa inji fiye da yadda kwamfutar babur ta saba, man da ake fesawa ya yi kaɗan, inji ya ƙara zafi, ya riƙa harbi kamar bindiga in an saki mai. Tilas sai an sake saita kwamfutar a wurin gwani. Har wa yau cire matatar laifi ne a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ga abin hawa na bisa titi, kuma hukuma ba barci take ba: a 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da na'urorin sauya saitin inji waɗanda suka ƙara yawan hayaƙi. Ga mai neman amo kawai, gwangwanin ƙarshe ya wadatar.

Inda babur na tafiya ya bambanta da na tsere shi ne tsawon zaman da ake yi a kansa. Amo mai kauri yana da wata illa da ba a ganewa a zagayen minti goma. In inji ya tsaya a juyi ɗaya na sa'o'i, sai gurnanin ya zama wani guɗa mara yankewa da ke cika hular kwano, ya sa ciwon kai da kasala. Toshin kunne, wanda matafiya da yawa suke sawa domin iskar babbar hanya kaɗai tana iya wuce desibel 90 a cikin hula, ya fi tare siririyar ƙara, mai kauri kuwa tana ratsa shi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 a matsayin iyakar da kunne zai jure na sa'o'i 8, kuma jin da ya lalace ba ya komowa. Wanda ke zaune a baya, sau da yawa uwargida ce, ya fi kowa kusa da bakin salansa. Sa'an nan ga akwatunan kaya. Salansar da aka ɗaga bakinta sama tana iya hana akwati zama, ko zafinta ya narkar da gindinsa. A wasu babura kuma jikin salansar asali ne yake tare ƙafar tsakiya in an naɗe ta, saboda haka dole a tabbatar sabuwar ta zo da madadin wannan matari.

Akwai masu cewa ƙara tana ceton rai, wai direban mota zai ji babur kafin ya gan shi. Hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Bakin salansa baya yake kallo, haɗarin kuwa galibi daga gaba yake zuwa, daga motar da gilasanta ke rufe, rediyo yana kunne. Waɗanda suka fi shan ƙarar su ne mutanen ƙauyukan da hanya ta ratsa, kuma sun soma ramawa. A watan Yuni na 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta rufe wasu hanyoyin duwatsu da masu babura suke matuƙar so ga duk babur ɗin da takardarsa ta nuna ƙarar tsaye fiye da desibel 95, dokar da ta kama har wasu baburan da ba a taɓa salansarsu ba. A 2022 Faransa ta soma gwajin na'urori masu auna ƙara su ɗauki lambar abin hawa, a Paris da wasu garuruwa.

Saboda haka hatimin da ke jikin gwangwani ya fi sunan kamfani muhimmanci. A Turai ana neman harafin E tare da lambar ƙasar da ta ba da izini, 1 ta Jamus, 3 ta Italiya, 11 ta Birtaniya. Iznin kuwa na wani babur ne takamaimai, kuma da toshin baki a ciki aka ba da shi. In an zare toshin, hatimin ya zama ado. A Birtaniya, inda babur da ya kai shekara 3 yake zuwa gwaji kowace shekara, salansar da aka rubuta wa cewa ba ta bisa titi ba ce tana kayar da shi, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya bayan haɗari in ba a sanar da shi canjin ba. A jihar Kalifoniya, baburan da aka ƙera daga 2013 zuwa sama sai da hatimin hukumar kare muhalli a jikin salansa.

Hotunan bidiyo na talla ba abin dogara ba ne, gama ƙaramin makirufo ba ya kama amo mai kauri, lasifikar waya kuma ba ta iya fitar da shi. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya nemi mai babur irin nasa sak wanda ya riga ya sa salansar, ya tsaya gefen hanya ya ji wucewarsa, in da hali ya karɓa ya yi tafiyar rabin sa'a a gudun da ya saba. Salansar asali kuwa kada a sayar da ita ko a yar. A shafa mata mai, a naɗe a buhu, a ajiye tare da kusoshinta, domin ranar gwaji, ko ranar tafiya ƙasar da dokarta ta fi tsanani, ko ranar sayar da babur, ita za a nema, kuma sabuwarta daga masana'anta takan fi ta canjin tsada.