Daga Marina Zuwa Samaru: Karatun Injiniyan Sinadarai

Wanda ya taso a cikin birnin Zazzau ya ji dattawa na zancen marina. Marini yakan zuba ruwa da toka da baba a rijiyar rini, ya bar su kwanaki suna tsima, yana motsawa, yana sansanawa. In ya tsoma zane, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Sirrin shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa. Tsimin ne ke sauya shi har ya narke cikin ruwan toka ya ratsa zare, iska kuma ta mayar da shi yadda yake, ya maƙale ba fita. Hatta katsin da ya kwanta a gindin rijiya ba a zubarwa, ƙona shi ake yi, magina su haɗa laso su shafe soraye don kada ruwan sama ya ci su.

To, me ya durƙusar da wannan sana'a? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Bai fi namu kyau ba, amma ana samar da shi da yawa, da araha, kuma na yau daidai yake da na jiya. Wannan shi ne aikin injiniyan sinadarai: abin da masanin kimiyya ya haɗa a ɗan kwalba, shi zai tsara yadda za a yi tan dubu nasa, ya lissafa zafi da matsi da kuɗi, ba tare da tukunya ta fashe ko guba ta malala kogi ba.

Ilimin nan kuwa yana nan a ƙofar gida. Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, tafiyar mota ɗaya ce. Karatun shekara 5 ne, kuma a jarrabawar JAMB ana neman Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Kada ɗalibi ya ruɗu da sunan: lissafi ya fi yawa. Darasin farko da ke tankaɗe ɗalibai shi ne ƙididdigar abin da ya shiga tukunya da abin da ya fita, dole su yi daidai. A aji huɗu ana tura su masana'antu wata 6 don koyon aiki, a ajin ƙarshe kuma su zana masana'anta sukutum a takarda.

Malaman sashen injiniyan sinadarai na jami'ar sun ƙera ƙaramar matatar mai mai tace ganga ɗaya a rana don koyarwa da bincike. Sun kuma daɗe suna sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina don samar da ziyolait, wato sinadarin da matatu ke farfasa mai mai kauri da shi ya zama fetur. Ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga ta fasahar fata a Samaru.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin yaranmu mai kawai suke hange. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata, ta Dangote kuma tana can Legas. Alhali tumatur na ruɓewa a Ɗanja lokacin kakarsa, fatunmu na fita waje da sauran aiki a kansu, ga taki, ga sabulu, ga ruwan sha da unguwannin birni ke saye a jarka. Kowanne cikinsu injiniya yake jira.

Don haka, iyaye, in kun ga yaro ko yarinya na da kan lissafi tun a sakandare, ku tsaya musu su nemi wannan fanni, ku kuma kai su wajen tsofaffin marina da majema tun suna raye su ji yadda ake yi.